Tsibirin Iro

Ku da kuke zama a ƙofar mai shayin nan na unguwar Kudai a nan Makka kuna nuna mini wayoyinku, kuna cewa, Hausa da Larabci a cakuɗe, "Ya Ammi, kalas, aikinka ya ƙare, kowa na da taswira a aljihu," ku ɗan matso. Ba faɗa zan yi ba. Ni ma ina son wayar nan, da ita nake gane gidan surukaina tun da aka rushe layinsu a Nakkasa suka koma wata unguwa da ko sunanta ba na iya riƙewa. Amma in ka ɓata a titi sai ka tsaya ka tambayi mai kanti, kuma titi ba ya ɓoye dutse a ƙarƙashinsa. Ni aikina shi ne zaɓa wa jiragen yawo na'urorin da za su kai su inda suka nufa su dawo da su, in ɗaura su, in gwada.

Na san abin da ke ba ku dariya: ɗan Makka, garin da ko rafi babu, ya ƙare a cikin jiragen ruwa. Ni ma har yau abin yana ba ni mamaki. Da lasifika na fara. Lokacin hajji nakan bi wani ɗan unguwarmu zuwa Mina muna ja wa tantuna waya, muna ɗaura lasifika a kan sanda don jagororin alhazai su riƙa cigiyar waɗanda suka ɓata. A can wani dattijo ɗan Sawakin ta Sudan, Mu'allim Hamad, ya tsaya yana kallon yadda nake murɗa bakin waya har na tsargu. Ya ce, "Hannunka na da kyau, ya walad, amma murɗin nan ba zai yi mako a teku ba zai ruɓe." Ban taɓa jin waya ta ruɓe ba. Da aka gama hajji na shiga motar Jidda na neme shi, don kawai in ga abin da ke ruɓar da ita.

Ashe gishiri ne. Mu'allim ya miƙo mini wata waya da ya ciro daga jirgin wani, ya ce in feɗe ta. Daga waje lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ciki kuwa tagullar ta zama kore, tana marmashewa a yatsa kamar garin kuka. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa allon na'ura ko ɗaya ba. In feɗe waya, in shafa mata dalma, in matse ta da filaya, in rufe ta da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, shi ke nan aikina, galibi ina kwance rigingine kaina a cikin wani rami mai warin dizal. Kayan da nake yawo da su yau ba su wuce waɗanda ya saba mini da su ba: mita, filaya, sukudireba kala-kala, tocila, man hana tsatsa, da wani ɗan madubi mai doguwar mariƙa don leƙa bayan abin da kai ba ya shiga.

Ran da ya fara fita da ni gwaji, muna barin bakin ruwa sai ya yafa tawul a kan allon, ya ce in gaya masa zurfin ruwan da ido. Na ce ai abin da muka ɗaura na'urar dominsa ke nan. Ya ce in duba dai. Bahar Maliya cike yake da duwatsun murjani, sha'ab muke ce musu, kuma ba sa tasowa a hankali. Kana kan ruwan da igiya ba ta taɓo ƙasansa, tsawon jirgi ɗaya a gabanka dutse ne da ruwa bai kai gwiwa a kansa ba. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore yashi ne, ja-ja mai duhu kuwa dutse ne. Amma ba ka ganin waɗannan launuka sai rana tana sama kuma tana bayanka. In ta dawo gabanka, teku ya zama kwanon rufi, ƙyalli kawai kake gani. Mu'allim bai raina na'ura ba, da ita yake ci. So yake in san abin da kowace take gani da abin da ba ta gani.

Wannan shi ne abin da ba ku gane ba. Ma'aunin zurfi yana gaya maka abin da ke ƙarƙashinka, ba ruwansa da abin da ke gabanka. Allon taswira yana jin tauraron ɗan'adam, ya san inda kake sarai, amma taswirar da ke cikinsa wasu mutane ne suka zana, wani wurin tun kafin a haifi kakanninku, wani wurin ma ba su je ba. Na taɓa zama a jirgi muna lilo a kan ruwa, allo yana nuna mun hau tudu. Sai kamfas na gargajiya, wanda ba ya cin batir, ba ya kuma burge kowa. Sai na'urar riƙe sitiyari, mai tuƙa jirgi da kanta a doguwar tafiya. Ita tana da nata kamfas ɗin na lantarki, wanda ake ɓoyewa a tsakiyar jirgi can ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi. In dukansu suka yarda da juna, sai ka tafi. In biyu suka saɓa, sai ka rage gudu har ka gano mai ƙarya.

Masu jirage kuwa kowa da nasa. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kirana ya ce in sa masa rada, na'urar hango jirage ko da duhu, wadda ta fi ta maƙwabcinsa girma. Na tambaye shi ko yana fita da duhu ko cikin ƙura. Ya ce shi bai taɓa kai la'asar a teku ba, maiɗakinsa ba ta yarda. Na sa masa, tunda jirginsa ne, kuma har yau ina jin ba ta ga komai ba sai jirgin maƙwabcin. Wani kuma irinku ne, ya ce waya ta ishe shi. Ya ajiye ta a gaban sitiyari cikin ranar azahar, ta yi zafi ta kashe kanta, ya yi ta yi mata fifita da hula yana kewaya wuri ɗaya. Shi ya sa ba na fara tambayar mutum abin da yake so. Ina tambayarsa ina za shi, da wa, kwana zai yi ko wuni, kuma wa zai riƙe sitiyari in shi ya kwanta ciwo. Daga amsarsa nake sanin kayan.

Shekarar annoba ce ta fi ba mu wuya. Aka rufe hanya, ina Makka, jirage suna Jidda, ba mai fita ba mai shiga. Mu'allim Hamad ya rasu a cikinta, ban samu zuwa jana'izarsa ba. Na koma gyaran fanka da cajar waya a ɗakina don a samu na cefane. Da aka buɗe muka je, batura duk sun mutu sun kumbura, gishiri ya yi watanni yana cin abincinsa ba mai kora. Wasu masu jirage suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka sayar. A cikin waɗanda suka saya akwai Mansur.

Mansur ɗan Nakkasa ne kamar ni, ko da yake na girme shi. Gidansu gidan tsire ne tun kakansa, wanda 'yan Makka ke ce wa sire, kuma Allah ya buɗa masa har ya yi shaguna. Ya sayi jirgi mai ɗaki a ciki, na yi masa tambayar da na saba: ina za ka? Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya Haruna, wallahi ma adri, ban sani ba. Zo ka tambayi Ummi."

Na sami mahaifiyarsa, Hajiya Asabe, a kan darduma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura. Wankin ƙoda ake yi mata, in an yi yau a huta gobe. Ta dube ni ta ce, "Kai ne Haruna ɗan Ladi mai ƙosai? Zauna. An ce kana da abin da ke nuna wa jirgi hanya."

Na ce, "Ina da shi, Inna, in an san inda za a."

Ta ce, "To ni ban sani ba, shi ya sa na kira ka. Ina yarinya muka taso daga Sawakin a jirgin katako, mu da wasu alhazai da muka haɗu tun Chadi. Mai jirgin ya sauke mu a wani wuri ya ce Hijaz ke nan, ƙasar Makka, gari na gaba kaɗan, zai je ya dawo. Da gari ya waye muka ga ruwa ne ta ko'ina. Ruwan sha ya ƙare. Ƙanena Iro ba a daɗe da yaye shi ba, shi ya fara rasuwa. Baba da wasu maza suka tara masa duwatsu. Daga baya masunta suka gan mu suka kwashe mu. Tun ranar ban sake sa ƙafa a jirgi ba. Dahin, yanzun nan, likita ya ce in zafi ya shigo ba sauran tafiya, ni kuma na san abin da yake nufi. So nake in je in yi wa yaron nan sallama."

Tausayinta ya kama ni. Amma gaskiya, ban da tausayi, wani abu ya motsa mini: ta yaya ake neman tsibirin da ba a san sunansa ba? Na shiga yi mata tambaya kamar alƙali. Sunan garin da masuntan suka kai su? Ba ta sani ba. Itatuwa? Babu, sai wasu ciyayi masu gishiri da suka tauna. Ta ce tsibirin a lanƙwashe yake kamar lauje, ruwan cikinsa a kwance. Akwai wata sheƙar ƙirare a ƙasa, ta fi ta tsayi, da wani babban tsuntsu mai cin kifi. Da sassafe ana hango duwatsu can nesa wajen fitowar rana, in hantsi ya yi su ɓace. Irin wannan tsibiri tun daga Yanbu har Jizan ba a rasa shi.

Har na tashi, sai ta ce, kamar ita kaɗai take magana, "Har gardama aka yi a kan alƙibla da za a yi masa salla. Wani malami a cikinmu ya ce ya lura da masu jirgin, a sa fitowar rana a kafaɗar dama."

Na koma na zauna. Mu 'yan Makka ba ma tunanin alƙibla, masallacin unguwa ya gama mana wannan. Amma wanda ke tekun Jidda gabas yake duba, rana tana fito masa a goshi. Wanda rana ke fito masa a dama, arewa yake duba, wato Makka tana sama da shi. Wannan ya kai mu kudu, wajen garin Lis. Gardamar da wasu bayin Allah suka yi cikin ƙishirwa ita ce ta yanke mana fiye da rabin teku.

Sauran aikin Mansur ne, ba ni ba. Ni hotunan tauraron ɗan'adam ban ɗauke su komai ba, ina ganin wasan samari ne. Ya buɗe mini su a kwamfuta, na ga sha'ab a fili, kowane da siffarsa, har da waɗanda taswira ta yi musu ɗige-ɗige kawai ta wuce. Na yi ta jujjuya su kamar yaro ya sami sabon abin wasa. Muka tsinci masu siffar lauje, muka zubar da waɗanda suka yi nisan da ba za a hango duwatsu ba. Muka je Lis muka zauna da wani tsohon masunci, muka tambaye shi wanne ne ke da kaburbura. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce tun yana yaro ake ce masa tsibirin Takari, ba sa kwana a can.

Daga nan zaɓen kaya ya zo da sauƙi. Muka nemi allon da ke karɓar hotunan nan a kan taswira, don mu ga duka biyun. Ma'aunin zurfi mai ƙara in ruwa ya ragu. Na'urar riƙe sitiyari, don tafiyar da tsawo. Na goge tsohon kamfas ɗin jirgin na cika masa mai. Rada muka bari, tunda da rana za mu, kuma jiran isowarta zai ci kwanakin da Hajiya ba ta da su. Na ƙara da tabarau mai yanke ƙyallin ruwa, Mansur yana dariya wai wannan ma na'ura ce. Muka gangara da jirgin zuwa Lis. Ana gobe tafiya na fita da shi na yi ta kewayawa a hankali a wuri ɗaya, yadda ake yi don kamfas na lantarki ya san ƙarafan da ke kusa da shi ya daidaita kansa. Komai ya yarda da komai.

Wuni ɗaya muke da shi. Washegari da safe Hajiya tana da wanki a Makka, tasrihin, wato takardar izinin, da masu gadin gaɓa suka ba mu kuma na yini ne. Lissafina shi ne mu isa da hantsi, rana tana bayanmu, mu shiga cikin laujen in kai ta har bakin yashi. Amma motar su Hajiya ta makara, don ta tashi jiki ba ƙarfi. Ina ofishin masu gadi ina nuna takardu ma'aikatan shagon Mansur suka yi lodi suka tafi. Muka ɗauko ta a kujera, na zaunar da ita da kaina a bencin tsakiya inda lilo ya fi sauƙi, aka jera mata matasai. Ta rufe ido ta kama carbi.

Muna fita fili na danna na'urar sitiyari, sai jirgin ya karkata. Na gyara, ya sake karkata, yana tafiya yana lanƙwasa. A allo kuma hoton jirgin ya juya hanci gefe guda, layin tafiyarsa ya nufi wani gefen. Kamfas na lantarki yana faɗin abu ɗaya, tsohon yana faɗin wani. Tsoro ya kama ni, don sha'ab na dama da hagu. Na kashe na'urar, na ba Mansur sitiyari na ce ya bi tsohon kamfas a hankali, don shi ne ya fi kusa da layin da tauraro ke nunawa. Amma ban yarda a yi gudu ba, ga tsohuwa a jirgi, ban kuma san abin da ya lalace ba; wataƙila waya ce ke ƙonewa a wani lungu.

Na buɗe bayan allo, na auna wuta, na ciccire mahaɗai na mayar. Na bi waya da madubi har ƙarƙashin ɗaki. Na tambayi Mansur ko ya ajiye waya ko lasifika a wani wuri, don suna da mayen ƙarfe a ciki. Babu. Wuri ɗaya ya rage ban duba ba, kuma tun farko na san shi ya kamata in fara dubawa: akwatin da ke ƙarƙashin bencin tsakiya, inda kamfas ɗin yake. Hajiya na zaune a kai. Ku yaran yanzu wataƙila za ku ce me ke ciki, a ce mata ta matsa mana. Matar nan sa'ar uwata ce, ba ta da lafiya, tana ƙanƙame da carbi cikin ruwan da ta fi tsoro a duniya. Bakina ya kasa. Mansur ma da na raɗa masa, ya dube ta ya ce, "Bari ta ɗan samu natsuwa tukuna." Haka muka yi ta jan ciki, rana tana hawa.

Azahar ce ta cece mu. Ta buɗe ido ta ce a juya ta alƙibla. Na nuna mata da tsohon kamfas, ta leƙa allo ta ce, "Wancan kuma me ya ce?" Na ce ya ce wani abu dabam. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe har yau ba a gama gardamar nan ba." Muka ɗaga ta zuwa kujera don ta fuskanci arewa, na yi wuf na buɗe akwatin.

Murhun gashi ne na ƙarfe, da ragarsa, da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma, an jingina su a jikin kamfas ɗin kamar an auna. Ma'aikatan sun nemi wurin da ya fi bushewa, ya fi tsaro, suka samu. Da ta sallame na nuna mata. Ta ce, "Ni na ce a sa. Masunta ne suka tsamo mu, zan zo wurinsu hannu rabbana? Gidanmu ba a tafiya ba murhu, ya waladi." Na kwashe su na kai can bayan jirgi, na duba allo, hancin jirgin ya dawo kan layinsa. Muka ba shi wuta.

Da muka hango tsibirin rana ta riga ta karkata ta dawo gabanmu. Wani siririn farin yashi ne kwance a kan ruwa. Na sa tabarau na hau gaban jirgi, ban ga komai ba sai ƙyalli. Hoton da ke allo ya nuna mashiga, amma ƙunci gare ta, da duwatsu a warwatse a bakinta, kuma hoto ba ya gaya maka ruwan da ke kan kowane. Ma'aunin zurfi ya fara ƙara. Mansur ya ce, "Yaya Haruna, ga ta nan a allo, mu gwada shwayya-shwayya, a hankali." Na ce in muka hau dutse, ni da kai za mu yi iyo, ita fa? Ya tsayar da jirgin. Haushi ya cika ni, ga wuri muna gani.

Muna da ƙaramin kwalekwalen roba a ɗaure a baya, wanda ko a kan dutse zai wuce. Muka dubi ƙafafunta, muka dubi yadda yake tsalle a gefen jirgi, muka san ba za ta iya shiga ba. Ita ce ta ce, "Kai je ka, Mansur. Ka ga mini."

Duk kwalekwalen da zai rabu da uwar jirgi sai na ba shi oba-oba ta hannu, don waya ba ta kamawa a can. Na sa ta a tashar da masuntan Lis ke hira a kai, wadda muke saurare tun safe, na rataya wa Mansur a wuya. Ya tafi, ni ina riƙe da jirgi a ruwa mai zurfi. Muka ga ya ja kwalekwalen kan yashi, ya zama ɗan ɗigo yana tafiya.

Can rediyon jirgi ta yi ƙara. "Ummi, ga sheƙar nan. Wallahi ta kai ƙirjina." Hajiya ta dafe bakinta. Aka jima. "Ga duwatsu a tare. Amma, Ummi, ba ɗaya ba ne. Suna da yawa. Wasu manya, wasu ƙanana."

Na jawo mata abin maganar, na nuna mata inda za ta danna. Na ɗora hannuna a kan nata.

Ta ce, "Je wajen ƙananan. Ka durƙusa. Ka sa abin nan kusa da ƙasa."

"Na sa, Ummi."

Ta gyara mayafinta kamar mai shiga gidan mutane. "Assalamu alaikum, Iro. Asabe ce, yayarka. Mun isa, Iro. Mun isa Makka. Baba ya yi hajjinsa, Inna ta yi, duk suna can a kwance. Inna ba ta daina kiran sunanka ba har ta tafi. Ba mantawa na yi ba, hanya ce ban sani ba. Ga ni nan kusa, ƙafa ce ta hana ni ƙarasowa. Ku ma sauran, ko 'ya'yan wane ne ku, sallama ce." Sai ta koma Larabci ta yi addu'ar da ake yi wa mamaci, ta saki madannin. Ni dai na juya ina duban injin da ba abin da ya same shi, don hawaye sun zo mini.

Sai rediyo ta sake ƙara. Ba muryar Mansur ba ce. Wani namiji ne mai kaurin murya, da ƙugin injin a bayansa: "Amin. Allah yarhamu, ya Hajja." Kafin ya rufe baki wani ya shigo, harshensa na mutanen Yaman: "Amin." Sai wani can nesa, muryar tana yankewa, da Larabcin da ya koya a bakin aiki: "Amin, amin, ya Mama."

Ta zabura ta dube ni. "Su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Masunta ne, Inna. Abin nan ba kamar waya ba ne, duk jirgin da ke kusa yana ji." Na ji tsoron za ta ji kunya, ta ce na tona mata asiri a gaban maza.

Ta ce, "Suna da yawa?"

Na ce, "Ban san adadinsu ba."

Ta dubi tsibirin. Ta ce, "Ran da aka yi masa salla, ko sahu ɗaya ba su cika ba." Sai ta ture hannuna, ta danna da kanta, ta ce da Larabcinta na Nakkasa, "Zidu, ya auladi. Ku ƙara masa."

Suka yi ta ƙarawa, jirgi bayan jirgi, har Mansur ya turo kwalekwalen cikin ruwa.